Mun shiga ƙarƙashin Bahar Maliya ni da yara

Addar Kusiri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun iso gida lafiya tun daren Talata, alhamdu lillahi. Na ga saƙonnin barka da zuwa, Allah ya bar zumunci. Na kuma ga hoton da ɗanku na Masar ya saka ya tayar da ƙura, har Goggo ta kira ni sau uku. Ku tsaya in faɗa muku da bakina. E, ni ce a hoton. Ni ce da tulun iska a baya, kuma a ƙarƙashin teku aka ɗauke shi.

Kun san bikin kammala karatun yaron nan ya kai mu Alƙahira. Da aka gama hidima sai ya ce ba za mu koma Kusiri ba mu ga Bahar Maliya ba. Muka hau bas wajen awa 6 zuwa Hurgada, garin da Larabawa ke ce wa Gardaƙa. Ni a zuciyata daga nesa zan tsaya in kalla, in tuna a irin wannan ruwa Allah ya halakar da Fir'auna, in koma masauki. Kun san ni da ruwa. Ko gadar Ngeli zan hau zuwa Anjamena ba na leƙa ƙasa.

Abin da ya fara karya min zuciya launin ruwan ne. Mu da muka saba da kogin Logon, ja da damina kamar an dama kunun kanwa, sai ga ruwa garau, kana cikin jirgi kana ganin yashin ƙasa da kifaye suna wucewa. Kwana biyu ina kallo. Rana ta uku na ce da Alhaji ina so in shiga. Ya daɗe yana kallona bai ce komai ba, sannan ya ce to mu shiga tare.

Goggo ta Anjamena:
Innalillahi. Ke da kanki? 'Yar nan, ko iyo fa ba ki iya ba.

Addar Kusiri:
Ban iya ba Goggo, har yanzu ma. Na faɗa musu tun farko. Suka ce irin na gwaji, wanda malami ke riƙe da mutum daga shiga har fita, ba sai ka iya iyo ba. Mai neman takardar shaida ta zama gwani shi ne dole sai ya yi iyon mita 200 ya kuma tsaya bisa ruwa minti 10.

Ba kuma haka nan aka jefa mu ba. Sai da muka cika takardar lafiya mai tambayoyi da yawa, aka zaunar da mu aka yi mana bayani, yaron nan yana fassara. Sannan aka kai mu inda ruwa iya ƙirji, muka durƙusa a kan yashi. Can aka koya mana shaƙar iska ta baki, da yadda za ka cire abin shaƙar ka mayar, da yadda za ka fitar da ruwa in ya shiga tabarau. Numfashina na farko a cikin ruwa ban yarda da shi ba, na miƙe zumbur. Malamar ba ta yi faɗa ba, ta ce kowa haka yake farawa. A karo na uku na zauna, ina jin ƙarar numfashina da kumfa yana bi ta gefen kunnena yana hawa sama. Daga nan zuciyata ta kwanta.

Baffa na Garwa:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa. Na karanta duka. Ni ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Ke kin fi kowa sanin abin da ruwa ya yi mana a gidan nan. Ina raye, ban manta ba. Ni na shiga Logon ran nan, tun la'asar har aka kira magariba ina lalube da hannu, sai washegari muka samu ƙaninki a ƙasan gari. Mahaifiyarki har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin kifin kogin nan ba. Yau kuma ki ɗauki jikokinta ki kai su tsakiyar teku da kuɗinki. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Me aka rasa a tudu?

Addar Kusiri:
Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Wallahi ban manta ba, ko dare ɗaya. Shi ne a raina lokacin da nake saukowa daga tsanin jirgin. Ka ba ni dama in amsa maka a tsanake in an jima, yanzu hannuna rawa yake yi.

Ɗalibin Masar:
Baffa, ranka ya daɗe, in akwai laifi nawa ne, ni na kawo shawarar. Amma ina so ka san ban kai su wurin 'yan ga-ni-kashe-ni ba. A bakin titi wani ya tare mu ya ce zai yi mana rabin kuɗi, ba takarda ba dogon bayani, yau-yau a shiga. Da na tambaye shi lasisinsa sai ya fara kame-kame. Muka bar shi tsaye. A Masar akwai hukumar da ke ba masu wannan sana'a izini, CDWS, kuma duk wurin kirki za ka ga takardarsu a rataye. Inda muka je malamansu suna da shaidar PADI, ƙungiyar horar da masu kurme ta duniya, akwai tulun oksijin na gaggawa a jirgin, na gani da idona kafin in biya. Ƙa'idarsu, mai gwaji ba ya wuce mita 12, kuma yaro sai ya kai shekara 10. Mama iyakarta mita 6.

Baffa na Garwa:
Mita 6 ai ya fi tsayin mutum uku. A ruwan da bai kai haka ba aka rasa kawunka.

Nas ɗin Marwa:
Salamu alaikum. Adda sannu da hanya. Ni tambaya ɗaya ta hana ni sukuni tun da na ga hoton. Auta fa? Kada ki ce min an sa wa yaro mai sikila tulun nan.

Addar Kusiri:
A'a ƙanwata, bai shiga ba. Nan ne abin ya fi yi min ciwo a duk tafiyar. Shekararsa 11, ya wuce ƙa'idar shekaru, shi ya fi kowa ɗoki, tun a bas yake ƙirga kifayen da zai gani. Da muka zo cika takarda aka zo kan ciwon jini, na tsaya da biro a hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciya ta raya min in rubuta babu. Wa zai sani? Yaron yana tsaye a gefena yana murmushi. Alhaji ya karɓi biron ya rubuta gaskiya. Babban malaminsu ya durƙusa daidai tsayinsa ya ce masa ba zai yiwu ba. Bai yi kuka a gabansu ba. Sai da ya zagaya bayan jirgin, na same shi ya haɗa kai da gwiwa, rigarsa ta jiƙe da hawaye. Ya ce Mama, komai ni ne ba a bari.

Washegari muka kai shi jirgi mai gilashi a ƙasa, ya kwanta rub da ciki yana kallon kifaye fiye da awa ɗaya. Ya ji daɗi, amma na san ba ɗaya ba ne, shi ma ya sani.

Nas ɗin Marwa:
Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Wallahi ya ceci yaron nan. Mai SS abu uku ke tayar masa da ciwo cikin sauri: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da wahala. Duka ukun suna cikin kurme. Ko ruwan da ɗumi, yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, iskar tulun kuma busasshiya ce tana ƙafar da maƙogwaro. A ce ciwon ya tashi yana ƙarƙashin ruwa, ko a tsakiyar teku nesa da asibiti, ina za a nufa?

Kuma tunda maganar ta zo, duk mai sha'awa ya ji. Ba sikila kaɗai ba. Mai farfaɗiya ba ya shiga. Mai ciki ba ta shiga ko na wata nawa ne. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon suga, sai likita ya duba ya sa hannu. Ko mura kake yi ka haƙura. Mu mutanenmu muna da ɓoye ciwo, musamman a gaban baƙi, muna ganin kamar tonon asiri ne. Takardar nan ba wurin kunya ba ce.

Addar Kusiri:
Maganar murar nan mun gan ta a kan babbar 'yata. Sanyin na'urar bas ya kama ta, hancinta ya ɗan toshe, ta ce ba komai. Ana sauka da igiya, kowane ɗan taku sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji kunnenka ya yi ɗas. Nata na hagu ya ƙi. A mita 3 ta nuna wa malamar kunne, ta karkaɗa hannu alamar akwai matsala. Suka ɗan hau, ta sake gwadawa, ya ƙi. Malamar ta fito da ita, ba gardama. Ta yi fushi ranar, amma da kunnenta lafiya ta dawo.

Masuncin Lagdo:
Gaisuwa ga manya. Hajiya barka da zuwa. Ni abin nan bai zama min baƙo ba, don mu kurme sana'armu ce. In taru ya maƙale a kututturen itace a dam ɗin nan, dole wani ya sauka ya kwance shi, tunda tun da aka tare Binuwai a 1982 itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a ƙasa. Numfashi ɗaya muke ja mu sauka. Kunnen nan kuwa gaskiya ne, akwai abokan aikinmu da suka fito jini na zuba ta kunne, wasu har yau ba sa ji sosai. Ba wanda ya taɓa koya mana toshe hanci a hura, wanda ya gano da kansa ya gano.

Amma abin da ban gane ba, na ji yaron ya ce a cikin wani bidiyo da ya saka wai babbar doka kada a riƙe numfashi. Mu kuwa riƙewar ce aikin. Yaya abin yake?

Ɗalibin Masar:
Kawu, tambayarka ita ce gindin maganar gaba ɗaya. Ruwa nauyi gare shi. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. Wato a mita 10 ya ninka na tudu sau biyu. Kai da ka ja numfashi a sama, in ka sauka iskar cikin huhunka matsewa take yi ta koma rabi, in ka hau ta dawo yadda take. Ba abin da ya ƙaru. Shi kuwa mai tulu a can ƙasa yake cika huhunsa da matsattsiyar iska. In ya riƙe ta ya taso, tana kumbura tana neman ninki biyu, huhu kuma ba shi da wurin. Sai ya yage. Ko daga mita kaɗan hakan na iya faruwa. Shi ya sa doka ta farko ita ce ka yi ta numfashi, ta biyu ka hau a hankali.

Hawa a hankalin yana da wani dalili kuma. Abin da ke cikin tulun ba oksijin zalla ba ne yadda mutane ke zato, iskar nan ce da muke shaƙa aka danna, kashi 21 cikin 100 oksijin, wajen kashi 78 naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin ɗin yana narkewa ya shiga jini. In ka taso a guje sai ya yi kumfa a jiki, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Yana kama gaɓoɓi, yana iya shanye mutum. Don haka masu zurfi suke tsayawa minti 3 a mita 5 kafin su fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan shiga ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya. Mu kwana biyu muka bari. Maganinsa in ya faru wani ɗaki ne na ƙarfe da ake sa mutum a mayar masa da matsin a sauke a hankali, kuma akwai shi a Hurgada.

Masuncin Lagdo:
Allahu akbar. Shekara nawa ina cikin ruwa, yau na ji dalili. Wannan na toshe hancin zan faɗa wa yaranmu gobe a bakin dam.

Goggo ta Anjamena:
Duk na ji lissafinku. Ni tambayata daban ce. Wace irin shiga kika yi? Na ga matan Turawa a irin wuraren nan, Allah ya tsare. Ga 'ya budurwa a tare da ke.

Addar Kusiri:
Goggo na san za ki tambaya, ni ma shi na fara tambaya. Rigar roba ce mai kauri, tun daga wuya har idon sawu, hannu har wuyan hannu. Tana kama jiki, wannan gaskiya ne. Sai muka ɗora doguwar riga mara nauyi har gwiwa, muka sa ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya yawo a ruwa. Zani da babban mayafi ba sa yiwuwa, za su naɗe mutum. Na ce mace nake so ta riƙe ni, aka ce sai mu jira kwana ɗaya, muka jira. Balarabiya ce, ita ma da ɗankwalinta. A cikin jirgin akwai waɗanda shigarsu ba tamu ba ce, muka kau da kai muka zauna ɓangarenmu. Da azahar ta yi matuƙin jirgin ya nuna mana alƙibla, shi ma ya bi mu salla.

Malam na Ngaundare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. An tura min tambaya ta gefe a kan hukuncin wannan, na ga gara in amsa a nan kowa ya ji. Asalin abubuwa irin wannan halas ne, sai in wani abu ya shigo ya haramta. Allah ya ce a Suratun Nahli shi ne ya hore mana teku don mu ci nama ɗanye daga cikinsa mu kuma fitar da kayan ado da muke sawa. Kayan adon nan ba a fitar da su sai an nutsa. Ayar da ta dace da maganar Baffa, ta Baƙara, kada ku jefa kanku cikin halaka, tana nan daram. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ko ya bi mai araha marar ilimi, ko ya ƙetare iyakar da masana suka sa masa, ya shiga ƙarƙashinta. Wanda ya bi sababi ya kiyaye sutura da lokacin salla, ban ga abin da zan hana shi da shi ba.

Sai dai ina ƙara abu ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a irin wannan ba kaɗan ba ne, kuma muna cikin shekarun da ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Anjamena da Kusiri da Yagwa. Mai hali ya duba maƙwabcinsa tukuna.

Alhajin Kusiri:
Allah ya gafarta Malam, nasiha ta karɓu. Ba na yawan magana a nan, amma zan ce wani abu. Ni na fi ta tsoro. Da muka sauka na ga duhun shuɗi ta gefe inda ƙasa ta yanke, na ɗaga babban yatsa ina nufin lafiya lau don in ƙarfafa kaina. Ashe a wurinsu wannan alamar tana nufin a hau sama, lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. An koya mana, ruɗewa ta sa na manta. Malamin ya fara hawa da ni. Da muka fito na yi masa bayani, ya sa na maimaita alamomin duka kafin ya yarda mu koma. Wannan tsananin nasa shi ya sa na amince masa da iyalina. Kowane ɗan lokaci sai ya duba agogon iskata. Da bar 200 aka fara, wato ma'aunin matsin iskar tulun, ya ce ko me ake gani, in ta kusa 50 an gama.

Amarya ta Duwala:
Adda ni dai ba ki faɗa mana abin da kika gani ba! Kowa na ta faɗa. Kuma kifin shak fa? Na ji ya taɓa cin mutum a garin nan.

Ɗalibin Masar:
Gaskiya ne Anti, a 2023 ya kashe wani ɗan Rasha a kusa da gaɓar Hurgada, a 2022 ma mata biyu a kudancin garin. Ba zan ce babu ba. Amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba in aka duba yawan masu shiga ruwan kullum. Mu ba mu ga ko ɗaya ba. Abin da malamai suka fi ja mana kunne a kai ƙanana ne: kifi mai kama da dutse da ke kwance a ƙasa da dafi a ƙayarsa, da wani mai baza fukafukai kamar dawisu, da wani murjani mai ƙuna kamar wuta. Dokar ita ce kada ka taɓa komai.

Addar Kusiri:
Amarya, kin tambayi abin da nake ta neman bakin faɗa. Da ƙafata ta bar igiya sai na ji ba ni da nauyi. Ni da gwiwa ke damuna ko tsani zan hau, ga ɗamarar darma a ƙuguna, ga tulu a baya wanda a cikin jirgi da ƙyar na miƙe da shi, amma a can kamar an ɗauke min jikina. Malamar tana riƙe da tulun ta baya tana tuƙa ni.

Sai ga wani tudu gabanmu kamar gari. Wani kamar reshen bishiya, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani shimfiɗe kamar faifai. Ƙananan kifaye ruwan lemo, ɗaruruwa, suna tsaye a kansa, in ka matso su shige gaba ɗaya, in ka ja baya su fito. Akwai wani kore da shuɗi mai baki kamar na aku, yana gatsar dutsen, kuma wallahi ina jin ƙarar, ƙurus ƙurus. An ce min abin da yake ci yana fitar da shi ya zama farin yashin nan. Amma wanda ya tsaya min a rai ɗan ƙarami ne, bai fi yatsana biyu ba, mai ratsin fari. Yana zaune cikin wani abu mai laushi kamar gashi yana kaɗawa. Da na matso sai ya fito ya tsaya daidai tabarauna, yana kallona ido cikin ido, yana tsare gidansa. Ni da na fi shi sau dubu. Na yi tasbihi da abin shaƙa a bakina. Minti ashirin da wani abu muka yi, na ɗauka biyar ne.

Goggo, murjanin nan fa da kike ajiye da shi a adaka, ashe halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne suke gina shi a hankali, shekara da shekaru.

Goggo ta Anjamena:
Murjanina na gado? Ikon Allah. To kin tsinko min ko ɗan guntu?

Ɗalibin Masar:
Goggo an hana, laifi ne a dokar Masar, ko mataccen ba a fita da shi. Kuma jan da ake yin tsakiya da shi wani iri ne daban, mafi yawansa daga tekun Bahar Rum ake samo shi. Na Bahar Maliya shi ne mai gina tudun da kifaye ke zama. Abin da ya sa yake yalwa a can, ruwan da ɗumi, ko da hunturu ba ya cika sauka ƙasa da digiri 21, da bazara ya kai 28 ko fiye. Kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa ya kawo laka, shi ya sa yake garau, shi ya sa kuma gishirinsa ya fi na sauran tekuna, wajen giram 40 a lita maimakon 35.

Amarya ta Duwala:
To mu nan kusa fa? Kiribi ba nisa daga wurinmu. Ba sai an je Masar ba.

Ɗalibin Masar:
Kiribi akwai kyau Anti, ga ruwan Lobe yana zubowa kai tsaye cikin teku, ga kunkurun ruwa suna zuwa yin ƙwai a Eboje. Amma koguna suna kawo laka, ruwan ba ya nuna nisa irin wancan, kuma igiyarsa tana ja. Ki je ki sha iska. In ba ki ga malamai masu shaida da kayan gaggawa ba, kada ki yarda kowa ya ɗaura miki tulu.

Nas ɗin Marwa:
Amarya ke da ma ba yanzu ba, kin san dalili. Allah ya raba lafiya.

Malam na Ngaundare:
Ina yaro muna kallon wani Bafaranshe mai jar hula a talabijin, Kusto, yana shiga teku da irin tulun nan. Shi da wani injiniya suka ƙera abin shaƙar a 1943. Har gida ya gina a ƙarƙashin wannan Bahar Maliyar ta wajen Sudan a 1963, mutane suka yi wata guda a ciki. Lokacin muna ganin abin na wasu mutane ne can. Ban taɓa kawowa 'yar gidanmu za ta gani da idonta ba.

Addar Kusiri:
Baffa, na dawo gare ka. Na yi alwala na yi salla, yanzu zan iya.

Ran da ruwa ya ci ƙanena, mu shida ne a bakin kogin, ni ce babba. Ina tsaye ina kallo yana ɗaga hannu, tsakanina da shi bai fi tsawon ɗakin nan ba. Ba wanda ya iya iyo a cikinmu, don an hana mu zuwa kogi, mu kuma muna zuwa a ɓoye. Hanin bai hana mu zuwa ba Baffa, koyo kawai ya hana mu. Na girma na yi wa 'ya'yana irin abin da aka yi min. Ko wanki ba na bari su bi 'yan uwansu. Sai ga ambaliyar 2022, ruwa ya zo har ƙofar gidanmu cikin dare, na ɗora auta a wuya ruwa iya ƙuguna, ina tafe ina tunanin in na zame duk mun tafi, don ba ɗayanmu da ya san abin da zai yi. Mu da ke zaune inda Logon da Shari suka haɗu, ko mun guje wa ruwa shi yana zuwa.

Ban kai jikokin Inna teku don in manta da ɗanta ba. Na gaji da tsoron ne. Kuma na yi niyya, kafin damina mai zuwa duk yarana sai sun koyi iyo, ni ma haka, auta ma in likitansa ya yarda.

Masuncin Lagdo:
Hajiya ki turo su hutu, ni da kaina zan koya musu. Sati biyu ya isa su tsaya bisa ruwa.

Nas ɗin Marwa:
Kawu an gode, amma ba a dam ba don Allah. Tsargiya ta yi yawa a ruwan kwance, kullum muna ganin yara masu fitsarin jini, ga dorina. A nemi kwamin wanka mai magani a Anjamena ko Garwa, a haɗa kuɗi a ɗauki awa ɗaya ta mata da yara. Kai sai ka zo ka koya wa mazan a can. Ni zan sa nawa biyu.

Malam na Ngaundare:
An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. A sa jikokina uku a lissafin.

Baffa na Garwa:
Na karanta, 'yata. Ban san kina ɗauke da wannan ba duk shekarun nan. Ke yarinya ce a lokacin, ba laifinki. Maganar teku har yanzu raina bai so ba, kuma in za ki sake kada ki faɗa min sai kin dawo. Maganar koyon iyo kuwa ban hana ba.

Abu ɗaya nake so in sani. Ran da na shiga neman ƙaninki, ko tafin hannuna ba na gani. Baƙi ƙirin, sai laka da sanyi. Shekara da shekaru in na rufe ido shi nake gani, ina cewa a cikin wannan duhun ya tafi. Can inda kika shiga, akwai haske?

Addar Kusiri:
Akwai haske Baffa. Rana tana saukowa har ƙasa, tana rawa a kan yashi. Har inuwata na gani.

Baffa na Garwa:
To. In za ku zo da babbar salla ki wanko min hoton a takarda, babba. Idona ba ya gani a waya.